Ba Bola Ba Ce

Shekara tara Malam Isyaku yana wanke farantan solarsa kowace safiya a bakin kogin Wudil. Faranti sittin ne, da batura, da injin da ke ja wa manoman Kausani ruwa. Da yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce sai an yi aiki a Kano, ya sa tashar a kasuwa.

Labaran, dillalin shanu a Kara, ya kawo mai saye, wani Alhaji Muhyiddeen mai gonar kifi. Aka yi ciniki irin na shanu: albarka, ƙara, albarka, har aka tsaya a miliyan goma sha huɗu. Aka tafa.

Sai Isyaku ya ɗauko littafin rasit. Sana'arsa tana da rajista, kuma Rifkatu, mai yi masa lissafi, ta riga ta gaya masa cewa harajin ciniki zai hau kan kuɗin, mai saye ya biya, shi kuma ya kai ofis.

Alhaji ya ɓata fuska. "Malam, tsohon kaya ma sai an yi masa haraji?"

Labaran ya matso, ya rage murya. "Yaya, abin mai sauƙi ne. Rubuta jari-bola, miliyan biyu. Kuɗinka a cike za ka karɓa. Takarda ce kawai, ba ta magana."

Mutanen yanzu ke nan. Ƙarya in an rubuta ta da biro, sai su ce dabara ce.

Isyaku ya san in Alhaji ya tafi, wani mai sayen ba nan kusa ba, idon kuma ba jira yake ba. Duk da haka ya miƙe, ya lalubi makunni ya danna. Injin ya ɗauka, ruwa ya yi tsalle daga bututu har ya jiƙa wa Labaran takalmi.

"Ga bolar," in ji shi. "Ka taɓa ganin bola tana ban ruwa?"

"Haba Yaya, gwamnatin me ta tsinana maka?"

"Ko sisi. Amma sunan ubana ne a saman takardar nan, ba nata ba."

Alhaji ya kaɗa makulli. "To, ka riƙe kayanka." Ya nufi mota.

Labaran ya fara tsalle. "Ka kashe ciniki! Za ka makance a kan rasit?"

"Dakata, Labaran. La'adarka a kan nawa za ka karɓa?"

"A kan sha huɗu mana. Haka al'ada take."

"A Kara, in ka sayar da akuya, la'adar bijimi ake ba ka? In na rubuta miliyan biyu, la'adar miliyan biyu zan ba ka, a gaban shaidu. Bola ka sayar."

Labaran ya juya. Ya dubi ruwan, ya dubi motar da ta fara ja baya. Sai ya tattare babbar riga ya zuba da gudu.

"Alhaji! Ranka ya daɗe, tsaya! Kayan nan sabo ne fil, harajin ai ba komai ba ne!"

Motar ta tsaya, amma ba a kashe ta ba. Isyaku bai jira ya ji yadda za su ƙare ba. Ya kai littafin dab da hancinsa, ya rubuta miliyan goma sha huɗu da manyan baƙaƙe, ya sa hannu.