Yis a Ruwan Mai Yanga

Tun da muka koma hawa na uku matata ta rasa lambunta, sai ta mayar da shi cikin akwatin gilashi. Ta zuba ruwa da yashi, ta dasa ciyayi iri-iri, ta saka ƙananan kifaye, da wata ja mai doguwar wutsiya da ta raɗa wa suna Mai Yanga. Da safe sai ta gaishe da kifin nan kafin ta gaishe ni. Ban taɓa yin ƙorafi ba, don ni ma kifin ya fi ni kyan gani.

Da ta zame a bene ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita asibiti, abu ɗaya ta roƙe ni.

"Mai burodi, ciyayina sun fara yin rawaya. Ka je shagon kifi ka tambayi maganin abin. Ka tambaya fa, kada ka yi musu bayani."

Matar ta san mijinta.

Yarinyar shagon ta ce ciyayin iskar kabon suke so, wato iskar da muke fitarwa idan mun numfasa. Ta nuna min wata 'yar tukunyar gas mai agogo da makunni, wadda ake murɗawa kaɗan ta riƙa sakin kumfa ɗaya-ɗaya. Na kalli agogon nan, shi ma ya kalle ni, ba mu fahimci juna ba.

"Akwai kuma ta haɗin gida, Baba," in ji ta. "Gora ce da tiyo, a zuba ruwa da sukari da yis. Sai dai ita ba ta jin birki."

Ai ina jin ta ce yis sai kunnena ya toshe. Ni da na yi furfura a gaban tanderu, ni za a gaya wa halin yis? Na ce mata, "'Yata, kafin a haife ki nake kumbura kwaɓi." Na karɓi tiyo na fito ina taƙama, ko sauran maganarta ban tsaya ji ba.

Na haɗa yadda ta ce. Washegari na dawo daga gidan burodi na tarar kumfa na fitowa jefi-jefi, kamar mai jin kunya. A sana'armu, kwaɓin da ya ƙi tashi zagi ne. Na ƙara yis da hannun mai burodi, na ƙara sukari, na cika gorar har wuya da ruwan ɗumi. Na lulluɓe ta da tawul yadda nake lulluɓe kwaɓi, na ɗora ta bisa kabad inda rana ke bugowa ta taga. Har shafa ta na yi.

Da na je dubiya na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, aiki ya zo hannun masu shi. Ta kalle ni ta ce Allah ya sa.

Yis bai ba ni kunya ba, ya tashi. Ya tashi ya cika gora, ya bi tiyo, ya gangara cikin ruwan. Da rana na buɗe ƙofa, warin gidan burodi ya tarye ni a falona. Ruwan ya zama fari fat kamar madara. Ƙananan kifayen sun taru a sama suna haki, na kwashe su da rariyar shayi na zuba a bokiti. Mai Yanga kuwa a kwance na same ta a gefe ta mutu, wutsiyar nan ta baje. Garin neman gira na rasa ido.

Na canja ruwa, na wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nawa masu kauri, rabi suka ruɓe a hannuna. Na so in kira matata in faɗa mata, tsoro ya hana ni. Sai na yi abin da na iya. Ranar da aka sallame ta na gasa mata burodin madara, wanda ko faɗa muka yi ba ta taɓa mayar min da shi ba.

Ta shigo tana dogara sanda, ko zama ba ta yi ba ta nufi akwatin. Ta dubi ciyayin, ta dubi bayan dutsen da Mai Yanga ke laɓewa. Sannan ta ɗaga kai ta ga gorar bisa kabad, har yanzu da tawul ɗinta.

"Lulluɓe ta ka yi?"

"Don ta tashi," na ce.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce gobe in koma in sayo tukunyar mai agogo, ita za ta riƙa murɗawa. Ta ja kujera ta zauna gaban gilashin.

Na yanka burodin na ajiye kusa da hannunta. Na san daidai lokacin da burodi ke fara bushewa, kuma ina tsaye a nan har ya bushe.