Takalmi a Hannu

'Yarmu tana da suna mai daɗi wanda muka yi kwana da kwanaki muna zaɓa, amma ba mai kiranta da shi. Ƙararrawa muke ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Tun da ta cika shekara biyu, ƙarfe uku da kwata na dare ba ya wuce ta. Ko ana ruwa, ko an ɗauke wuta, ko ta wuni tana tsalle a kan kujera har ƙafafunta sun saki, lokacin na yi za ta buɗe ido ta buɗe baki. Bakin nan kuwa, tubarkalla, ba ƙarami ba ne.

Mijina a gidan burodi yake aiki, shi ne mai kwaɓi. Ƙarfe uku yake fita domin burodin safe ya isa kantuna kafin gari ya waye. Ni kuma guga nake yi a shagon wanki da guga na bakin titinmu, daga takwas zuwa huɗu, a tsaye. Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo. Ƙaramin gadon yarinyar yana manne da namu ta ɓangaren babanta, don ta nan ne kawai ya samu wuri.

Da abin ya yi mako biyu, sai maigidan ya zauna ya yi nazari, ya fito da sakamako.

"Ni ne nake tashinta," ya ce. "Motsina ne. Kin ga kwaɓi, in ka rufe shi ba ka leƙa shi. Kana ɗaga mayafin iska ta shiga, shi ke nan ya kwanta, aikin dare ya lalace. Yaro ma haka yake. A bar shi shiru."

"To, malamin fulawa," na ce. "Mun ji."

Ba wasa yake ba. Mutum ne da in ya sa abu a gaba sai ya ga ƙarshensa. Ya fara da kashe ƙarar agogon waya, ya koma sa ta ƙarƙashin matashi. Daga baya ya ce girgizar ma tana da sauti, ya koya wa kansa farkawa ba agogo. Kayan aikinsa ya rataye su a banɗaki tun da yamma, can yake shiryawa cikin duhu. Makullai ya zuba su cikin tsohuwar safa ya ƙulle. Takalmi kuwa a hannu yake ɗauka, sai ya fita bakin titi yake sawa, har mai gadin layinmu ya taɓa haska shi da tocila yana tambayar ko lafiya.

Ni ma an ba ni nawa aikin, wato in kwanta kamar gawa. Ba juyi, ba tari, ba magana. A da, in zai fita nakan ce masa "A dawo lafiya" ido a rufe, shi kuma ya ja babban yatsan ƙafata ta cikin bargo ya wuce. Wannan ma muka soke shi, muka sa shi cikin jerin hayaniya.

Duk da haka, minti goma sha biyar bayan fitarsa, sai ta tashi. Ta miƙe tsaye a gadonta, ta riƙe katako da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana nuna ƙofa tana tsala ihu. In ɗauke ta, ta banƙare. In ba ta ruwa, ta ture kofin. In goya ta in yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da falo, taku bakwai zuwa, taku bakwai dawowa, har na san wane tayil ne ya fi sanyi. Wani daren awa ɗaya, wani daren biyu. Tana yin shiru, sai in ji motar kwasar shara ta shigo layi.

Da na gaya masa ƙofa take nunawa, sai fuskarsa ta washe kamar an ba shi amsar jarrabawa.

"Ƙofar ce! Ai na san tana ƙara."

Washegari ya sayo man keke ya shafe maɓallan ƙofar. Ya liƙa tsumma a inda take haɗuwa da bango. Ƙofarmu ta zama ba ta da murya ko kaɗan, har nakan tsorata in na ga ta buɗe. Ƙararrawa kuwa ko a jikinta.

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni tausayi, shi ne bai taɓa jin kukan nan da kunnensa ba. Kafin a fara ya yi nisa. Kullum in na dawo daga aiki sai ya tare ni a bakin ƙofa, yarinyar a kafaɗarsa, da fata cike da idonsa.

"Yau fa?"

Idona kawai nake gwale masa.

Shawara kam mun sha ta. Innata, wadda take riƙe mana yarinyar da safe, ta ce yunwa ce, muka cika mata ciki kafin barci. Ta ce haƙori ne, muka leƙa baki muka ga duk sun fito. Daga ƙarshe ta yi dariya ta ce, "Ke ma haka kika yi min, 'yar nan. Ramuwa ce, ki haƙura." Mai shagonmu ta ce in bar ta ta yi kukan har ta gaji. Na gwada dare ɗaya. Ita ba ta gaji ba, maƙwabcinmu ne ya gaji ya bubbuga bango.

Wata biyar muka yi a haka. Ba zan ce ba mu jin daɗin rayuwarmu ba, don da rana yarinyar nan zuma ce. Takan sa hular babanta ta aiki ta zagaye falo tana sayar mana da takalma a matsayin burodi, mu saya mu ci mu yaba. Amma barci ɓarawo ne, in ka hana shi da dare zai biyo ka da rana. Na goge hannun riga ɗaya sau uku na bar ɗayan a yamutse. Na taɓa gaishe da mutum ɗaya sau biyu cikin minti biyar. Ran nan kuwa, wata Alhamis, ina tsaye ina gugar zanin gado, tururi yana bugun fuskata da ɗumi, sai kawai na tafi. Zafi ne ya dawo da ni. Gefen dutsen guga ya kwanta a wuyan hannuna.

Na so in ɓoye, amma da yamma ina miƙa hannu zan karɓi yarinyar ya gani. Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo. Sai bayan mun ci abinci ya yi magana, yana kallon kwanonsa.

"Akwai wuri a sito, bayan buhunan fulawa. Na yi magana da mai gidan burodin. Daga Litinin can zan riƙa kwana. In ba na nan, ba mai motsi, sai ku yi barcinku."

"Kullum?"

"Ban da daren hutuna. Ai da rana ina nan. Kuma wurin da ɗumi, kusa da tanda ne."

Ya faɗe shi kamar ba komai ba. Ni kuwa, abin da har yau nake jin kunyarsa, ban ce a'a ba. Mutumin da muka shekara shida ban kwana ba tare da jin numfashinsa ba zai koma kwana da buhuna, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne barcin awa bakwai a jere. Na fi son barci da mijina a wannan lokacin, gaskiyar ke nan. Da hannuna na naɗe masa bargo da matashi na ɗaure da igiya.

Daren Lahadi shi ne na ƙarshe. Ƙarfe uku na ji ya zame daga gado kamar yadda ya saba. Ina kwance ina aikina na gawa, ina kallonsa ta ƙasan ido cikin ɗan hasken fitilar titi. Takalmi a hannun dama, ƙunshin bargo a hammatar hagu, safar makullai a baki. Hannu ya ƙare, ga ƙofa tana jira. Sai ya juya zai tura ta da kafaɗa, ƙunshin ya zungure babban kwanon wankan yarinyar, na ƙarfe, da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ban taɓa sanin kwano yana da dogon zance haka ba. Ya faɗi, ya yi tsalle, ya gangara har ƙarƙashin gado, ya tsaya yana juyi yana kaɗawa kamar ba zai daina ba. Wata biyar na sanɗa ya tashi a banza cikin daƙiƙa biyar.

Ƙararrawa ta tashi zaune. Na runtse ido ina jiran abin da na sani.

"Baba."

Ba ihu ba ne. Muryarta ce ta rana, ta mai sayar da takalma.

Ya tofar da safar. "Na'am, uwata."

"Ina za ka?"

Ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa gawa ce.

"Aiki zan je. Zan yi burodi."

Ta auna maganar. Sannan ta nuna hannunsa, ta haɗe gira irin yadda nake yi mata in ta nufi waje.

"Sa takalmi."

Ya zauna a bakin gado, katako ya yi ƙara, ya sa takalmi ya ɗaure igiya tana kallo kamar mai duba aiki. Da ya gama ta miƙa masa goshi, ya sumbata.

"Sai ka dawo," ta ce.

Ta kife, ta turo ɗuwawu sama, ta sa yatsa a baki. Ya fita da ƙunshinsa yana waiwaye. Ni kuma na zuba wa agogo ido. Uku da kwata ta yi ta wuce. Uku da rabi. Ban san lokacin da na tafi ba, sai hasken rana na ji a fuskata, na zabura na kai hannu hancinta don in tabbatar tana numfashi. Tana nan tana barcinta, da yawu a kumatu.

Da tsakar rana sai ga shi a shagonmu, ko gida bai biya ba, fulawa har a girarsa.

"Yau fa?"

"Har bakwai saura."

Ya jingina da teburin guga. Na ajiye dutsen a tsaye, don na koyi darasi.

"Ka san me na tuna?" na ce. "In tana barci takan zuro hannu ta tsakanin katako ta taɓa bayanka. Ba motsinka ke tashinta ba. Lalubawa take ta ji wayam. Mutum ya kwanta da uba, ya farka ba uba, ba sallama, ba bayani. Ko ni ce ai sai in yi ihu."

"Ƙofar da take nunawa fa?"

"Tambaya take, malamin fulawa. Mu kuma muka amsa mata da man keke."

Ya rufe fuska da tafin hannu yana dariya, kafaɗunsa na rawa, har mai shagon ta leƙo. Rashin sani ya fi dare duhu. Da ya sauke hannun na ga idonsa ya yi ja, na ce masa fulawa ce ta shiga, ya ce e, ita ce.

A gida ya kwana ran nan. Kada in yi ƙarya in ce ta daina tashi. Har yau ƙarfe uku tana farkawa, wani daren ma sai ta nemi ruwa, ko ta ce sai an nemo mata 'yar tsanarta. Amma minti goma ne, kuma da minti goma mutum yana iya rayuwa. Bargon nan har yanzu yana sito, wai masu aikin dare sun gaje shi.

Daren Litinin ɗin dai shi ne ba na mantawa. Ya tashi kamar mutum, ya yi tari, makullai suka yi ƙara a aljihunsa. Ta farka, ta tambayi inda za shi, ta duba takalmi, ta ba da goshi. Ni kuwa sabo ya riga ya kama ni, ina kwance ƙiƙam a wurin da ya tashi, ido a rufe, ko numfashin kirki ba na yi. Sai na ji ɗan hannu ya zuro ta tsakanin katako ya daki kafaɗata.

"Mama. Ki ce."

Na buɗe ido. Yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, hannu biyu ba komai. Sai a lokacin na lissafa tun yaushe rabon da in yi wa mutumin nan sallama, shi da yake fita cikin duhu kullum domin mu.

"A dawo lafiya," na ce.

"Allah ya sa," ya ce da ƙarfi, yadda ko maƙwabci zai ji.

Ya dawo taku biyu, ya lalubi babban yatsan ƙafata ta cikin bargo, ya ja.