Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa ta Ciki

Ƙafafu biyu ne kawai suka leƙo daga ƙarƙashin motar, ɗaya da silifa, ɗaya babu. Tsohuwar ta tsaya a bakin gareji tana kallonsu, riƙe da guntun karas, kamar mai shawarar ko ta kira maƙwabta.

"Bawan Allah," ta ce, "wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?"

Mai ƙafafun ya jawo jikinsa waje a hankali. Shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in da huɗu daga ciki da wannan matar ya yi su. Ya goge baƙin mai daga goshinsa, ya ce mai gidan ne ya sa shi aiki. Ya riga ya koyi cewa wannan amsar ta fi gaskiya saurin kwantar mata da hankali.

"To sai ka yi haƙuri da shi. In ya ce maka gobe, nemi wurin zama."

Sai-Gobe ake ce masa, kuma ita ta raɗa masa sunan tun suna da sauran baƙin gashi. Shekara talatin da biyar ya yi yana buga hatimi a gidan waya, har aka ba shi takardar yabo a kan bai taɓa kwana da wasiƙar wani a teburinsa ba. Duk gaggawar da Allah ya ba shi a can ya ƙarar da ita. Abin da yake kawowa gida alkawari ne. Famfo ya ɗiga har ya huda siminti, ƙwan fitilar zaure ya shekara a mace, amma babu abin da ya kai ƙofar motar nan suna a cikin iyali.

Motar shuɗiya ce, mai zagayayyun fitilu da giya a jikin sitiyari, irin waɗanda yanzu sai a tsofaffin hotuna. A watan farko da ya saye ta mariƙin ciki na ƙofar gefen uwargida ya daina aiki. Shekara ashirin da shida, duk inda suka je, sai ya kashe mota, ya fita, ya zagaya ta gaba, ya buɗe mata. Matan layin suka riƙa yi wa mazajensu gori da shi, wai su je su koyi yadda ake girmama mace. Ita kuwa takan zauna, jaka a kan cinya, ido a kan titi, har ya iso. Idan ya buɗe ta ce, "Har yau?" ya ce, "Gobe." Daga baya injin ya buga, aka ɗora motar a kan bulo huɗu, aka lulluɓe ta da tamfol, maganar ƙofa ta mutu ba tare da kowa ya ci nasara ba.

Cutar mantuwa ta shigo wa matar da sallama. Ta fara da inda aka ajiye makulli, ta wuce ga hanyar kasuwa, ta cinye sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya. Shi ta bari a ƙarshe, kuma a ganinsa wannan ma wata alfarma ce. Likita ya ce magani ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma a kewaye ta da tsofaffin abubuwan da ta sani, a kuma ba ta wani abu mai rai da za ta riƙa kula da shi. Auta, 'yarsu da ke aure a wani gari, ta ɗauki rabin shawarar na biyu. Ta zo da keji ɗauke da wasu 'yan ɓerayen kiwo guda biyu, masu guntun wutsiya da kumatu kamar jakar bara, waɗanda mai sayarwa ya ce sunansu hamsta. Sai-Gobe, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗana wa danginsu tarko, ya ɗauki rabin farko. Ya yaye tamfol.

Ba a kwana uku ba ɓerayen suka yi faɗan da ya raba ɗaya da rabin kunnensa. Sai a lokacin mai sayarwar ya tuna cewa irinsu ba sa zama biyu a ɗaki ɗaya. Aka sayo keji na biyu, aka jera su a kan teburin falo, kowa da kwanonsa da 'yar tayar da yake gudu a ciki ba ya zuwa ko'ina. Tsohuwar ta dube su, ta ce sun fi wasu mutane wayo. Ta sa musu suna Kumatu da Guntun-Kunne, kuma waɗannan sunayen biyu ba su taɓa ɓace mata ba. Tana yanka musu karas, tana canza musu garin katakon da suke kwanciya a kai, tana yi musu faɗa idan sun ɓoye abinci a baki. Aibinta ɗaya, ba ta iya ganin ƙofar keji a rufe. Sau uku ana jan kujeru ana neman Kumatu, kafin Sai-Gobe ya ɗaure ƙofofin da waya. A rana ɗaya ya yi wannan aikin, bai ce gobe ba.

Wata tara ya yi a kan motar, shi da wani tsohon bakanike da ake kira Sifana, wanda ya rantse cewa a ƙasar nan saura su uku da suka san cikin irin wannan injin, kuma biyun sun makance. Suka sauke injin, suka wanke kafireta, suka toshe yoyon lagireto, suka kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari. Da aka zo kan kujeru da wata 'yar lotsawa a bamba, wadda matar ta yi ranar da ta gwada koyon tuƙi, Sifana ya ba da shawarar a bar su yadda suke. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma garin gyaran gira akan rasa ido. Sai-Gobe ya ce ba wa'azi ya kira shi ba. Yana so ta gan ta kamar ranar da ya shigo da ita layin nan yana danna ham. Aka buge lotsawar, aka yi sabon fenti, aka ɗinka sabbin kujeru masu warin kanti.

Ƙofar ya bari a ƙarshe, kuma bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Wata safiya ya kwance sukurori shida, ya cire murfin ciki, ya haska. Babu abin da ya karye. Wata 'yar sandar ƙarfe ce, tsawon fensir, ta zame daga ƙugiyarta. Ya mayar da ita da yatsu biyu. Ya duba agogo, domin tsohon ma'aikaci ba ya rabuwa da halinsa. Minti goma sha ɗaya, har da neman sukudireba. Ya daɗe zaune a kan bulo yana jan mariƙin, ƙofar tana buɗewa, yana rufewa.

A wannan makon Auta ta zo da akwatuna biyu babu komai a ciki. Maƙwabciya ce ta buga mata waya: an ga uwarta a bakin titi tana roƙon masu wucewa su taimaka su fitar mata da wani baƙon namiji da ya tare a gidanta. Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa mahaifinta ba laifinsa ba ne, amma ba za a bar mace tana kwana da fargaba a ɗakinta ba, ranar Lahadi za ta tafi da ita.

"Ki ba ni Asabar," ya ce. "In ta shiga motar nan za ta san ni."

"In ba ta san ka ba fa, Baba?"

Ya ce to, ya ji.

Ranar Asabar da hantsi ya sa rigar da ya yi ritaya da ita. Motar ta tashi a murɗawa ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba ko a ƙuruciyarta. Auta ta lallaɓa uwar ta zauna a gaba, ita ta shiga baya. Ya bi da su ta gaban tsohon gidan waya, ta makarantar da yaran suka yi, ta shagon da take sayen zare. Matar ta shafa kujera, ta shinshina hannunta, ta yaba wa mai motar da tsabta. Ta tambaya ko an ba Guntun-Kunne ruwa. Da suka dawo ƙofar gida ya kashe injin, bai fita ba. Wannan ne abin da ya tanada wata tara. Ya ce ta ja mariƙin.

Ta ja. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara.

Ta dubi ƙofar, ta dube shi, sannan ta yi 'yar dariya irin ta wanda aka so a yi wa wayo bai yiwu ba.

"Na ce dai. Ta yi kama da tamu, amma ba ita ba ce. Tamu ba ta buɗuwa ta ciki." Ta sauke ƙafa ɗaya. "Kai ka san aikinka, bawan Allah. Mai gidana da za a kashe shi ba zai gyara ba."

Ta shige gida wajen ɓerayenta. Auta ta bi ta. Da la'asar ana jin ƙarar zik ɗin akwati daga ɗaki, a gareji kuma ana jin sukurori shida suna faɗawa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Sake zame 'yar sandar nan daga ƙugiyarta bai kai minti huɗu ba.

Da safiyar Lahadi ya ce shi zai kai su tasha. Auta ta ce akwai motar haya, ya ce ai ba a hana mutum rakiya. Aka sa akwatuna a but, aka jera kejin biyu a kujerar baya, Auta a tsakiya tana raba su kamar alƙali. A hanya Kumatu ya ga dama ya hau tayarsa.

A bakin tasha ya tsaya, ya kashe mota. Matar ta kai hannu ga mariƙin, ta ja. Shiru. Ta sake ja, ta ɗan doki ƙofar da kafaɗa, daidai wurin da fenti ya taɓa koɗewa. Sai ta saki. Ta gyara zama, ta ɗora jaka a kan cinya, ta haɗa hannuwa a kanta, ta kafa ido a kan titi. Wata tsohuwar gajiya ta sauko mata a fuska, wadda rabon da ya gan ta shekara biyu ke nan, kuma bai taɓa zaton zai yi kewarta ba.

"Mama ta gane motar," Auta ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ya fita. Gwiwoyinsa ba su da saurin da, amma hanyar ba ta canza ba: hannu ɗaya a kan bonet, taku bakwai, a kauce wa fitilar dama. Ya tsaya, ya gyara wuyan riga, ya buɗe. Amsarsa tana kan harshensa, kalma ɗaya tak, yana jiran tambayar.

Ta ɗago kai ta dube shi da ladabi.

"Na gode, bawan Allah. Amma mayar ka rufe. Mai gidana yana zagayowa."

Wani direba a bayansu ya danna ham. Auta ta sunkuyar da kai a kan kejin Guntun-Kunne, tana gyara wayar da ba ta kwance ba. Sai-Gobe ya tura ƙofar a hankali har ta kama, yadda ba za ta firgita ba. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ba mai gidan hanya.