Nauyin Nimisha a Mazarƙwaila

Tun da sakamakon jarrabawa ya fito, hankalin Nimisha ya tashi. Ba faɗuwa ta yi ba, ta ci har da yabo. Bakancen kakarta ne ya hana ta sakat. Tsohuwar ta yi alkawarin in yarinyar ta ci, za a ɗora ta a sikelin gidan bauta, a auna ta da mazarƙwaila, a bayar sadaka.

Da babanta ya tambayi nauyinta don ya sayo, sai ta faɗa masa na bara. To wa zai faɗi na bana? Wata da watanni tana karatu, hannu ɗaya a littafi, ɗayan a cikin ledar soyayyar ayaba. In gabanta ya faɗi sai ta ci. In ta ci sai kunya ta rufe ta, kunyar kuma ba ta lafawa sai da wani cin. Ba wanda ya sani a gidan.

Ranar awo dangi kaf suka hallara. Nimisha ta hau faranti ɗaya na sikelin ta naɗe ƙafa, har da riƙe numfashi, wai ko za ta rage. Mai awo ya yi ta jibga curin mazarƙwaila a ɗaya farantin har buhu ya ƙare. Nimisha na ƙasa daram.

"A ƙaro," in ji mai awo.

"Ai ke nan," in ji babanta. "Anya sikelin nan lafiyarsa ƙalau?"

"Sikelin gidan bauta kake tuhuma?"

Gwaggonta Sreekala, wadda bakinta ba ya shiru, ta tafa hannu ta dubi baban. "Kai Unni, ai da a mota ka yi odarta! 'Yar taka littattafan ta karanta ko cinye su ta yi?"

Aka kwashe da dariya. Baban bai yi ba. Ya dubi 'yarsa jim, sannan ya nufi shagunan bakin ƙofa da sauri don ya ƙaro mazarƙwaila. Wallahi da ma faɗa ya yi mata.

Nimisha ta yunƙura za ta sauka, kaka ta danne mata kafaɗa. "Zauna, 'yar nan. Ba a sauka sai farantin ya ɗaga."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyarta. Ƙamshin mazarƙwailar ya cika mata hanci. A nan ne tsoro na gaske ya kama ta, don duk da idanun nan da ke kanta, yawunta ya tsinke. So take ta miƙa hannu ta ɓantari ko ɗan kaɗan ne.