Tarwaɗar Kubra

Malam Junaidu mutum ne mai son kalmar wayewa. A sakandaren da yake koyar da adabi a Ƙaura Namoda, da wuya mako ya wuce bai ja layi a tsakiyar allo ba, ya rubuta "wayewa" a dama, "dabbanci" a hagu. Yakan ce kowane ɗan Adam na ɗauke da dabba a cikinsa, ilimi ne kaɗai ke ɗaure ta, kuma duk labari mai kyau a kan wannan kokawar yake tafiya. Bai taɓa faɗin ɓangaren da ya ajiye kansa ba, amma mutumin da ko tuwo da cokali yake ci ai ba sai an tambaya ba.

Sai matarsa Kubra ta samu ciki, laulayi ya sa ta gaba. Kwana tara duk abin da ta ci sai ya dawo. Ta rame, idanu suka faɗa, hankalin Malam ya tashi ƙwarai, don yana son matarsa. Da ta ce tarwaɗa ranta ke so, ya ruga kasuwa ya kawo. Ta shinshina ta kau da kai.

"Wagga ba ita ta ba, Malam. Ta tabkin garinmu nika so. Jibi za a buɗe su."

Garin su Kubra can wajen Zurmi yake. Sau ɗaya a shekara Sarkin Ruwa ke buɗe tafkin don su, wato kamun kifi na gayya, jama'a su afka da homa da gora. Kifin ranar kuwa ba a sayar da shi, ko ka kama ko a ba ka. Malam ya taɓa kallon abin sau ɗaya, ya dawo ya ba ɗalibansa misalin dabbanci da shi har mako biyu. Ga shi ba zai iya aika wa surukinsa Na'Allah roƙon kifi ba, mutumin da ko haɗa ido ba sa yi don kunya.

Ranar kamun kifin ya hau babur da farin kaftaninsa mai guga, ya tsaya a bakin tafki, yana fatan wani idon sani zai miƙo masa. Ina! Kowa ta kansa yake yi. Laka ta shafe fuskoki, ba ka gane dattijo daga saurayi, sai ihu da dariya. Malam ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Rana ta take, kifi na ƙarewa, shi kuma fuskar Kubra kawai yake gani.

Can sai ga wata tarwaɗa, kaurinta kamar taɓarya, ta kubce wa wani ta yo bakin gaɓa. Har yau Malam bai san lokacin da ya bar tudu ba, da takalmansa da agogonsa. Ya dai tsinci kansa cikin ruwa har ƙirji, ya rungume kan kifin. Sai ya ji ana ja ta wutsiya. Wani mutum ne, laka tun daga gashi har wuya.

"Saki! Ni na riga ka!"

Mutumin bai saki ba. Malam ya kai masa gwiwar hannu. Ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa. Da abin ya ƙi, ya damƙi kunnensa ya murɗe, yana huci, yana cewa yau ko shi ko kifin nan.

Ihun mutane ne ya fara raguwa, har wurin ya yi tsit. Mutumin ya saki wutsiyar, ya ɗebi ruwa ya wanke fuska. Farin gemu ya fito. Na'Allah ne.

Tsohon bai dubi surukinsa ba, don ba a haka. Ya juya ga ƙanensa Rufa'i da ke gefe riƙe da homa, ya yi magana a natse.

"Rufa'i, hwaɗa ma mijin Kubra, kihin ga ita nik kama ma. Tunda shi ma ita yaka yi ma yaƙi, shi ɗauka. Amma shi sakam min kunne."

Sai a lokacin Malam ya lura har yanzu kunnen na hannunsa. Ya saki kamar ya taɓa garwashi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa, sai ladabi ya zo masa a makare: ya durƙusa zai gaida suruki, ya manta a ruwa yake. Ruwa ya shanye shi har hula. Tafki ya ɗauki shewa. Na'Allah ne ya cafko wuyan kaftanin ya ɗago shi, fuskarsa a kauce, kafaɗunsa na rawa don dariya. Tarwaɗar dai tana nan a ƙirjin Malam.

Da la'asar Kubra ta zauna ta cinye farfesun tas, har da shanye romo, kuma bai dawo ba. Malam na gefe yana kallonta, farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ta lashe yatsa ta dube shi.

"Wai Malam, kai kak kama ta da kanka?"

Ya dubi tabarma.

"Baba ne ya kama," ya ce. "Ni ƙwacewa na yi."