Katakai Biyu a Gicciye

Ni dai na ce kada mu je. Kwana da kwanaki ana wani ɗumi da ba mu saba gani ba a tsakiyar Fabrairu, har rufin gidaje na ɗiga a Sapporo, tituna suka zama caɓi, sai kuma a dare ɗaya sama ta juye mana dusar ƙanƙara har ta binne motar maƙwabcinmu. Duk wanda ya tsufa a garin nan ya san ma'anar haka: ƙarƙashi ya rarake, sama ta yi masa lulluɓi. Amma mijina, Kasai Tokuji, da ya leƙa taga ya ga ko'ina fari fat, sai ya kama murmushi shi kaɗai.

"Fumie, irin wannan dusar mai laushi ba a samunta sau biyu a shekara," in ji shi.

"Gwiwa ma ba a samunta sau biyu, Baban Emi. Shekarunka saba'in da huɗu."

"Da uku."

"To yaro, ɗauko hularka."

Tokuji malamin firamare ne kafin ya yi ritaya, kuma tunda a nan kowane ɗalibi sai ya koyi zamiya a makaranta, rabin unguwarmu a hannunsa suka fara tsayawa a kan katakan zamiya, dogayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a sulala a kan dusar ƙanƙara. Mutum ne mai dokoki kamar ya haɗiyi littafin tsari. A gaida mai kula da kujerun hawa, masu ɗaukar mutane a kan igiya zuwa saman dutse. A goge katakai kafin a ajiye. Duk abin da aka gani yashe a kan dutse, ko safar hannu guda ce, a kai ɗakin tsintuwa. Waya kuwa a mota yake barin tasa, wai dutse ba wurin surutu ba ne. Na yi shekara arba'in da wani abu ina jin waɗannan dokoki har a wurin cin abinci.

Dutsenmu ƙarami ne, a bayan unguwa, ba irin waɗanda baƙi ke cikawa ba. Da muka hau sama iska ta fara tashi, dusar na zuba ba ƙaƙƙautawa, da ƙyar nake hango jar rigarsa a gabana. A bakin gangara ga 'yan falanki nan zube a ƙasa kamar kullum, masu ɗaure ƙafa biyu a kan faffaɗan katako guda, suna zaune a tsakiyar hanya suna gyaran igiya. Ba na son su, ban taɓa ɓoyewa ba. Na ratsa ta cikinsu ina tsaki.

Doguwar hanyar da ke bin gefen rafi muka ɗauka, wadda ba kowa ke bi ba. Akwai igiya da ake ja a gefenta don kada a matsa kusa da ruwa, amma dusar daren jiya ta binne ta ƙurmus. Tokuji ya karkata gefe yana neman inda ba a taka ba. Ina kallonsa ya juya sau ɗaya, ya juya na biyu, sai kawai babu shi.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Katakansa biyu jajaye suna nan kwance a sama, sun kwance daga takalmansa, shi kuwa ƙasa ta haɗiye shi. Na cire nawa, na kwanta rub da ciki, na ja jiki har bakin wani rami da bai fi faɗin murfin tukunya babba ba. Ciki baƙi ƙirin, ina jin ƙarar ruwa.

"Baban Emi!"

"Kada ki matso!" Muryarsa ta fito daga can ƙasa, siririya. "Zai rufta da ke. Ƙafata ta karye, kuma ina cikin ruwa. Kafa katakaina a gicciye, ki je ki kira Oikawa."

Na zaro wayata. Sanyi ya kashe ta, ko haske ba ta kawo ba. Na ja katakansa zuwa bakin hanya, na soka su cikin dusa da iyakar ƙarfina, ɗaya a kan ɗaya a gicciye. Duk mai zamiya a duniya ya san wannan alama: akwai wanda ya ji rauni a nan. Na ƙara danna su, na ce masa ina dawowa yanzu, na mayar da nawa katakan a ƙafa, na gangara irin gudun da rabona da shi tun ina budurwa.

Oikawa shi ne shugaban masu ceto na dutsen, ƙaton mutum mara yawan magana. Kafin in gama bayani ya tayar da babur ɗin ƙanƙara, abokan aikinsa biyu suka ɗaura kwale-kwalen ɗaukar marasa lafiya a bayan na biyu. Na hau bayansa na cusa fuskata a rigarsa saboda iska. A hanya mun wuce wata da falanki rataye a baya, tana tafe da ƙafa a gefen hanya, tana nutsewa har cinya, rungume da wasu kaya. Har a cikin wannan hali sai da na ce a raina, ga su nan, ko sauka ba su iya ba.

Muka isa inda rafin ya fara. Muka bi shi har ƙarshe. Babu katakai.

"Koma," na ce. "Mun wuce su."

Ya juya, muka sake bi a hankali, ina buɗe ido har hawaye na daskarewa a gashin idona. Fararen bishiyoyi ne jere, kowace kamar 'yar'uwarta, dusa kuma ta shafe sawun katakanmu tas. Babu ja ko ɗigo a cikin farin nan.

"Matar Malam," in ji Oikawa cikin ladabi, "kin tabbata wannan hanyar ce? Wani lokaci idan hankali ya tashi..."

"Tun kana cikin zanen goyo nake bin hanyar nan! Da hannuna na kafa su!"

Aka kashe injuna, muka yi ta kiran sunansa. Sabuwar dusa shanye murya take yi, kai kanka da ƙyar kake jin ihunka. Ba amsa. Oikawa ya dubi tsawon gefen rafin, ya dubi mutanensa biyu da dogayen sandunansu na tsira dusa, na ga lissafin da yake yi a fuskarsa. Ko'ina a gefen nan zai iya ruftawa da mai nema, tsoho kuma yana cikin ruwan ƙanƙara da karyayyar ƙafa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sun ɗaura igiya a ƙugu sun fara tsira sanduna daga sama, taku bayan taku, ni kuma ina tsaye ina kiran Baban Emi har muryata ta dushe. Ana cikin haka lasifikar da ke jikin turakun kujerun hawa ta yi 'yar ƙararrawarta mai daɗi, muryar yarinyar ofis ta biyo baya, a natse, kamar mai sanar da an buɗe kantin shayi.

"Muna sanar da baƙinmu masu daraja. An tsinci katakai biyu jajaye, da sunan Kasai a jikinsu. Muna roƙon mai su ya taimaka ya zo ɗakin tsintuwa. Mun gode ƙwarai."

Sai ta maimaita.

Muka tsaya cak muna kallon juna. Ɗaya daga cikin masu sandunan bakinsa a buɗe, dusa na faɗawa ciki. Ni kuwa na zauna daɓas a tsakiyar hanya kamar 'yan falankin da nake zagi.

Oikawa ya finciko rediyonsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Wa ya kawo su? Tana ina? Taliya take ci? A ƙwace kwanon, a ɗoro ta a babur yanzu!"

Da aka sauke ta na gane falankin da ke bayanta. Ita ce muka wuce a hanya, kayan da ta rungume kuwa katakan mijina ne. Matashiya ce, ba za ta wuce talatin ba, ta cire tabarau ta sunkuya tana gaisuwa.

"Sunana Hoshiba Chinatsu. Ku gafarce ni, ban san me..."

"Ke makauniya ce?" na ce. "A gicciye suke! A gicciye! Iska ce ta gicciya su don ado?"

"Gwaggo, na ɗauka mantawa aka yi. Na ga dusa za ta binne su, da na duba sai na ga sunan Malam Kasai. Shi ya koya mini zamiya. Kullum yana ce mana duk abin da muka gani a kan dutse mu kai ɗakin tsintuwa."

"Bai koya muku abin da gicciye ke nufi ba?"

"A aji uku aka mayar da babana Osaka." Ta sunkuyar da kai. "Ba mu kai nan ba."

"Malam Kasai yana ƙarƙashin inda kika tuge su," in ji Oikawa. "Cikin rafi."

Na ga jini ya bar fuskarta. Da ina da ƙarfi a lokacin da na shaƙe ta, ba zan yi ƙarya ba.

"A ina ne?" in ji Oikawa. "Nuna mana."

Ta juya tana kallon bishiyoyin, dama da hagu, ta fashe da kuka. "Ban sani ba. Duk iri ɗaya ne."

"Ba da ƙafa kika sauka ba?" in ji Oikawa a hankali. "Na ga kamar mun wuce ki."

"E. Na ji tsoron kada in faɗi da su in kankare masa fenti."

Ya ruga gefen hanya ya durƙusa. Sawun katako sama-sama yake, nan da nan ya shafe, amma ƙafar da ta nutse har cinya rami take bari. Ga su nan kuwa, 'yan loɓa-loɓa a jere, sun kusa cikewa amma ana gani idan an sunkuya. Ashe tun ɗazu muna can sama da wurin muna tsira sanda a banza. Muka bi loɓar nan da rarrafe, ni da Chinatsu da ƙaton Oikawa, har inda suka ƙare a wani faffaɗan gurbi da ta zauna ta kwance falankinta.

Ramin ya riga ya rufe. Da sanda aka same shi, da shebur aka buɗe, aka zura ɗaya daga cikin masu ceton da igiya. Sannan murya ta taso daga ƙasa: "Yana numfashi!"

Da suka jawo shi ban gane shi ba. Fuskarsa toka-toka, girarsa ta daskare, wandonsa ya sandare da ƙanƙara, safar hannun dama kuma ruwa ya tafi da ita. Suka naɗe shi cikin barguna a kwale-kwalen, suna ɗaure ƙafar, ni ina riƙe da kansa ina faɗa masa duk baƙar maganar da na tara tun safe, ina kuka.

Ya buɗe ido da ƙyar. Bai dube ni ba, ya dubi wadda ta zube a gefensa, goshinta a cikin dusa.

"Wace ce wannan?"

"Hoshiba Chinatsu ce, Malam. 'Yar aji uku."

Ya nema a cikin kansa har ya tuno ta. "Mai kuka idan ta faɗi."

"Ni ce, Malam."

"Katakaina fa?"

"Na kai su ɗakin tsintuwa."

Na jira ya fahimta. Na jira ya yi mata tsawar da ni na kasa gamawa. Sai ya ce, haƙoransa na haɗuwa, "Kin goge su?"

"Na goge, Malam."

"Madalla."

Ya zaro hannun dama daga cikin bargo don ya dafa mata kai, kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai. Hannun ya fito fari sol kamar kyandir, yatsun a miƙe sun daskare sun ƙi lanƙwasuwa, da suka taɓa hularta ta kwano sai da muka ji ƙwas. Ya ɗaga shi gaban fuskarsa yana juyawa, yana kallo da mamaki.

"Fumie," ya ce, "hannun wa ne wannan?"

Oikawa ya kama hannun a hankali ya mayar cikin bargo, ya ce a tayar da babur.