Awon Baba Ajimi na Ƙarshe

"Nawa ka gani?" in ji Baba Ajimi daga kan katifa, tun Ya'akubu bai gama sallama ba.

Shekara talatin da ɗaya tsohon ya yi yana sauka bakin kogin Ngadda safe da yamma, ya karanta lambar da ruwa ya kai a jikin sandar awo ta ƙarƙashin gada, ya rubuta a littafi. Ofishin kula da ruwa da yake yi wa aiki ya daɗe da sallamarsa, amma bai daina ba. Da ciwo ya kwantar da shi a daminar nan, sai maƙwabcinsa Ya'akubu tela ya karɓi zuwa kogin.

Ya'akubu ya dubi Ya Kellu, matar gidan, wadda ta roƙe shi jiya kada ya kawo wa majinyaci tashin hankali.

"Mita uku da rabi, Baba. Kamar jiya."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafun Ya'akubu.

"Malam Ya'akubu, ɗinki ka iya, ba ƙarya ba. A uku da rabi, mutum kan tsaya a matakala ta huɗu ya karanta, ko takalminsa bai jiƙe ba. Kai ga wandonka sharkaf har gwiwa."

Ya'akubu ya sunkuyar da kai. "Huɗu da ashirin."

"Innalillahi! Rubuta na gaskiyar." Ya jira har fensir ya tsaya. "Idan ya kai huɗu da rabi, layinmu ne hanyarsa. Bi gida-gida, ka ce ni na ce a tashi kafin azahar. Kellu, ɗaure kayanki."

"Likita ya ce kada a motsa ka," in ji ta. "Ni kuwa ba na fita in bar ka."

Ya dube ta, ya san ba za ta sauya ba.

"To, ku motsa ni."

Da Ya'akubu ya bi gida-gida, wasu maƙwabta suka yi dariya. Gida goma sha ɗaya suka kulle ƙofa suka fita. Ya'akubu ya rungumi tsohon a bayan keke mai ƙafa uku, suka nufi unguwar Bolori, gidan ƙanin Ya Kellu. Kowane rami suka faɗa sai ya ji yatsun Baba Ajimi sun nutse a damtsensa.

A kan gada tsohon ya buɗe ido. "Yanzu fa?"

Ya'akubu ya leƙa. "Huɗu da talatin da biyar."

"Rubuta."

Bai sake magana ba. Kafin la'asar ya cika, aka kai shi makwancinsa da yamma. Washegari ruwa ya cinye layin.

Bayan mako uku Ya'akubu ya raka Ya Kellu gidan. Laka ta rufe katifar. A bango, sama da ƙusar da ake rataye littafin, ruwa ya bar zane mai duhu. Ya'akubu ya zaro tef ɗin ɗinkinsa daga aljihu, ya miƙa mata bakinsa ɗaya. Ta durƙusa ta danne shi a ƙasa, shi kuma ya ja sama.